Fim ɗaya, wasu na tafi wata na kuka: amsa kan The Man from Nowhere

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ran Asabar da dare maigidana ya kunna mana wani fim na Koriya, The Man from Nowhere, muna zaune da ƙannensa biyu. Da aka zo faɗan ƙarshe su sai ihu suke yi suna tafi, ni kuwa rufe fuska na yi, kuma tun kafin nan na sha kuka saboda yarinyar nan. Ƙaramin cikinsu ma cewa ya yi ai kwaikwayon wani fim ɗin Indiya ne. Daga baya aka ce mini a Koriya babu fim ɗin da ya kai shi kasuwa a shekarar da ya fito, wai har mata sun yi ta tururuwar kallonsa. Ta yaya fim mai jini haka zai samu karɓuwa? Tsakanina da su, wa ya kalli fim ɗin daidai? Ko akwai matsala ne ga mai jin daɗin irin wannan? Yarana biyu ma sun so su zauna na kore su, maigidan ya ce na cika tsanani.”

Wa alaikumus salam Malama. Idan na fahimce ki, abin da ya ɗaure miki kai shi ne mutum huɗu sun zauna a falo ɗaya, gaban talabijin ɗaya, uku suna murna ɗaya tana share hawaye, kina son sanin wanda ya kauce hanya. A ganina babu wanda ya kauce. Tafinsu da kukanki abu ɗaya ne ya haife su, kuma wanda ya tsara fim ɗin da gangan ya nemi duka biyun. Wanda bai kalla ba ya sani zan taɓo ƙarshen labarin, don babu yadda za a yi a amsa wannan tambaya ba tare da shi ba.

Fim ɗin ya fito a Koriya ta Kudu a watan Agusta na 2010, sunansa a can Ajeossi. Lee Jeong-beom ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni. Won Bin ya fito a matsayin Cha Tae-sik, mai ɗan shagon jingina da ba ya shiga sabgar kowa, Kim Sae-ron kuma ta fito a So-mi, 'yar maƙwabciyarsa. Hukumar tace fina-finan ƙasar ta hana a nuna shi ga wanda bai kai shekara 18 ba, amma duk da haka ya sayar da tikiti sama da miliyan 6, ya wuce duk wani fim da aka saki a ƙasar a shekarar, har da Inception na Amurka da ya girgiza duniya a lokacin. Mutanen Koriya ta Kudu a 2010 ba su wuce kusan miliyan 50 ba. Ke nan tikiti ɗaya ga kowane mutum takwas, jarirai da tsofaffin da ba sa fita duk suna cikin lissafin. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne.

Shi kuwa ƙanin maigidan, ki gaya masa ya juya maganar. Fim ɗin da yake nufi Rocky Handsome ne na John Abraham, wanda Nishikant Kamat ya ba da umarni, kuma sai 2016 ya fito, shekara shida bayan na Koriya. 'Yan Indiya ne suka sayi labarin suka mayar da shi Goa, kuma nasu bai yi kasuwa ba. Ba na ganin laifinsa, tunda a nan fim ɗin Indiya ya fi saurin isowa hannun mutane. Yana da 'yar gaskiya ta wani ɓangare, domin labarin ƙwararren makashi da ya tsaya wa ƙaramar yarinya ba sabo ba ne. An yi Léon a 1994, an yi Man on Fire a 2004, an yi Taken a 2008, kuma masu sharhi tun a lokacin sun jera waɗannan sunaye suna cewa daraktan bai zo da sabon abu ba. Wannan ma shi ya ƙara wa tambayarki nauyi: in labarin tsoho ne, me ya kama mutane haka?

Abin da 'yan Koriya suka shiga silima da shi

Mai kallo ba ya shiga silima da zuciya fayau, yana shiga ne da abin da ya kwana yana ji a labarai. A watan Disamba na 2008, a birnin Ansan, wani mutum mai suna Cho Doo-soon ya tare yarinya 'yar shekara 8 a hanyarta ta makaranta ya yi mata ta'asar da ta bar ta da lahani na har abada. Kotu ta yanke masa shekara 12, aka sassauta masa saboda wai a buge yake lokacin da ya aikata. Da maganar ta bazu a ƙarshen 2009, ƙasar ta ɗauki zafi. Ba a gama hucewa ba, a watan Fabrairu na 2010 aka sace wata 'yar shekara 13 a Busan aka kashe ta. A watan Yuni kuma wani ya shiga har cikin makarantar firamare a Seoul da rana tsaka ya fita da 'yar shekara 8. A ƙarshen wannan wata majalisar dokoki ta amince da dokar ba masu lalata da yara maganin kashe sha'awa. Bayan 'yan makonni fim ɗin ya fito.

Ba ina cewa daraktan don waɗannan abubuwa ya rubuta labarinsa ba. Maganata a kan waɗanda suka sayi tikiti ce. Iyaye ne da yayye da suka shafe fiye da shekara suna jin cewa yaro ba shi da mai tsaya masa, kuma in an kama mai laifi hukuncin ba ya kai girman laifin. Sai ga fim da ke nuna yaran da babu mai nemansu, waɗanda 'yan ƙwaya ke aika su kai kaya, suna sa su aiki a ɗakin haɗa ƙwaya har hayaƙin ya kayar da su, daga nan a cire sassan jikinsu a sayar. 'Yan sandan cikin fim ɗin ba miyagu ba ne, suna ƙoƙari, amma kullum sai an gama ɓarna suke isowa. Wanda ya tashi tsaye kuwa ba uban yarinyar ba ne, ba danginta ba ne, maƙwabci ne kawai. A Taken uba ne ke neman 'yarsa, wannan kowa ya san dole ne. A nan babu abin da ya wajabta wa Tae-sik sai kunyar abin da ya yi mata.

Bashin da fim ɗin ya ɗora wa mai kallo

Ki tuna fitowar da ta sa ki fara kuka, don ina kyautata zaton ita ce. An kama So-mi a titi ana zarginta da sata, wata mata tana zazzaga mata masifa, 'yan sanda na tsaye suna tambayar ina iyayenta. Yarinyar ta hango Tae-sik ta nuna shi da yatsa. Shi kuwa ya kau da kai ya wuce kamar bai taɓa ganinta ba. Da dare suka haɗu a lungu. Ba ta zage shi ba. Ta faɗa masa cewa ta san kunyarta yake ji kamar yadda kowa ke ji, amma ba za ta tsane shi ba, domin in ta tsane shi babu sauran wanda take so a duniya. Tana maganar tana dukan ƙirjinta da ɗan hannunta. Shi ko uffan bai ce ba.

Daga wannan minti an ɗora masa bashi, an ɗora wa mai kallo ma, tunda mun tsaya muna gani ba mu iya komai ba. Duk abin da ya biyo baya ƙari ne a kan bashin: an sace yarinyar saboda ƙwayar da uwarta ta sata ta ɓoye cikin jakar kyamara a shagonsa, an kashe uwar an kwashe sassan jikinta, sannan muka gano cewa shi kansa an murƙushe matarsa mai ciki da babbar mota a gaban idonsa lokacin yana aikin sirri na soja. Kafin faɗan ƙarshe sai babban mugun ya gangaro masa da kwalba ɗauke da idanu biyu, ya ce na So-mi ne. A nan bashin ya kai inda zuciya ba za ta iya ɗauka ba. Faɗan da ya biyo baya biya ne. Maigidanki da ƙannensa sun karɓi biyan da tafi, ke kuma hankalinki yana kan wadda aka ci bashin a kanta, shi ya sa jinin bai sanyaya miki rai ba sai da kika gan ta ta fito da idanunta.

Aikina koyar da rubutun labarin fim ne da tace hoto, kuma wannan fim yana cikin waɗanda nake nuna wa ɗalibai. Nakan yi musu wata dabara. Sai in ware waɗanda ba su taɓa ganinsa ba in kunna musu faɗan ƙarshe shi kaɗai, ba tare da abin da ya gabata ba. Ina zaune a gefe ina kallon fuskokinsu. Abin da nake gani ya sha bamban da abin da ya faru a falonki: ana yamutsa fuska, ana tsaki, wani ya yi dariyar rashin jin daɗi, kuma da wuya a tashi ba wanda ya tambaya, “Malam, wai me suka yi masa ne haka?” Ranar da suka kalle shi daga farko, mutanen nan dai su ne ke miƙewa tsaye a daidai wannan wuri. Hoton bai canza ba, wuƙar ita ce, jinin shi ne.

Masana halayyar masu kallo sun daɗe da lura da wannan. Dolf Zillmann, wanda ya yi shekaru yana bincike a kai a Amurka, ya nuna cewa mai kallo alƙali ne da ba ya hutawa: tun daga farko yake yanke wa kowa hukunci, yana so alheri ya samu wanda ya ga ya cancanta, sharri kuma ya faɗa wa wanda ya ga ya jawo wa kansa. Ya kuma nuna cewa tashin hankalin da fargaba ta tara a jiki ba ya sauka nan take, sai ya zuba cikin farin cikin da ya biyo baya ya ninka shi. A 1975 shi da Jennings Bryant sun nuna wa yara tatsuniyar wasu 'ya'yan sarki biyu, nagari da mugu, suka riƙa sauya tsananin ramuwar da nagarin ya yi. 'Yan shekara 4 sun fi jin daɗi duk lokacin da ramuwar ta ƙara tsanani. 'Yan shekara 7 da 8 kuwa sun fi gamsuwa idan ramuwar ta yi daidai da laifin, in ta wuce gona da iri sai daɗin ya ragu.

Kasuwar Koriya ta wannan wata ta ba da misali mai kama da haka. Mako guda bayan fitowar The Man from Nowhere aka saki I Saw the Devil na Kim Jee-woon, da manyan jarumai biyu, Lee Byung-hun da Choi Min-sik. Shi ma ramuwa ce: jami'in sirri ne aka kashe masa wadda zai aura, ya kama makashin, ya azabtar da shi, ya sake shi, ya sake kamawa. Sau biyu hukumar tacewa tana ba shi matakin da a aikace ke nufin babu silimar da za ta iya nuna shi, sai da aka yanke wasu wurare. Da ya fito bai kai tikiti miliyan 2 ba. Masu sharhi da yawa suna ganin ya fi zurfin tunani, ni ma haka nake gani. Amma babu wanda ake cetowa a cikinsa, kuma saboda wasan da jarumin ke yi da makashin wasu bayin Allah suka ƙara shiga uku. Fim ne da ke hukunta mai kallo a kan son ramuwar da yake yi, mutane kuwa ba su cika biyan kuɗi don a hukunta su ba. Da jini kaɗai ke sayar da tikiti, da shi ya fi kasuwa.

Dalilin da ya sa kika rufe fuska

Faɗan Koriya ya fi na Amurka shiga jiki, kuma akwai dalili. Dokar mallakar bindiga a Koriya ta Kudu tana da tsanani ƙwarai, har bindigar farauta a ofishin 'yan sanda ake ajiye ta. Don haka 'yan dabar fina-finansu da wuƙa da gatari da sandar ƙarfe suke faɗa, kuma mai kallo a can ya fi gaskata haka. Harbi daga nesa yake zuwa, mutum ya faɗi a wuce wurin. Yanka kuwa sai an matso. Kusan dukanmu ba mu san zafin harsashi ba, amma babu macen da ke shiga kicin da ba ta san zafin wuƙa a yatsa ba, shi ya sa jikinki ya amsa kafin tunaninki.

Salon da aka yi amfani da shi an ɗebo shi ne daga dabarun faɗan kudu maso gabashin Asiya, irin su silat da kali. Babu tsalle sama, babu juyi don burgewa. Tae-sik yana kai wuƙa ga wuyan hannu da hammata da bayan gwiwa, sara gajere mai sauri, sau da yawa a wuri ɗaya. Kiɗa ya ja baya, sai numfashi da ƙarar ƙarfe. Da ya zo kan Ramrowan, makashin da ɗan wasan Tailan Thanayong Wongtrakul ya fito a matsayinsa, kyamara takan koma idon mai faɗan, wuƙar ta taho kamar fuskarki take nema, kuma jarumin namu sai da ya sa haƙori ya ciji hannun abokin karawarsa kafin ya yi nasara. Wanda ke sha'awar yadda ake tsara faɗa yana ganin gwaninta a nan, kuma gwanintar ta gaske ce, har Chad Stahelski, daraktan fina-finan faɗa na John Wick, yana cikin waɗanda aka sanar a 2020 cewa za su sake yin fim ɗin a Amurka. Wanda kuma ba wannan ya kawo shi ba, naman mutum kawai yake gani ana yanka.

Maganar mata kuwa, Won Bin ne babban dalili. Tun wasan talabijin na Autumn in My Heart a 2000 yake da ɗimbin masoya mata, an san shi da sanyin fuska. Rabin farko na fim ɗin gashi ya rufe masa ido, sai ga fitowar da ya tsaya gaban madubi ya aske kansa, kuma labarin yadda silima ke ɗaukar sowa a wannan wuri ya yi ta yawo a Koriya. Sai dai kyan fuska yana iya kawo mutum ranar farko, ba ya riƙe fim makonni a saman kasuwa. Abin da ya riƙe su shi ne abin da ya sa ki kuka. Ki lura ma da yadda aka ceci So-mi: Ramrowan ne ya kashe likitan da zai cire mata ido, saboda ta taɓa manna masa filasta a goshi lokacin da ta ga ya ji ciwo. Idanun cikin kwalbar na likitan ne. Won Bin ya ci kyautar gwarzon jarumi ta Grand Bell, ɗaya daga manyan kyaututtukan fina-finai na Koriya, da wannan fim, kuma har yau bai sake fitowa a wani ba.

Akwai masu kallo kashi na uku da ba su cikin falonki, waɗanda ba su yi tafi ba, ba su yi kuka ba, haushi suka ji. Hujjarsu ita ce fim ɗin ya mayar da wahalar mace da yara makamashin hura wutar jarumtar namiji: an nuna gawar uwar a buɗe don a tsorata mu, daga nan ba a sake waiwayarta ba, kuma maganin da aka bayar ga matsalar da ta shafi al'umma gaba ɗaya shi ne a samu mutum ɗaya da ya iya kisa. Ban iya ture wannan hujja ba, kuma ina gaya wa ɗalibaina su riƙe ta. Tun rasuwar Kim Sae-ron a watan Fabrairu na 2025 tana da shekara 24, bayan shekarun da ta sha caccaka a kafafen yaɗa labarai da intanet, masu sake kallon fim ɗin da dama sun koma kallonsa da wani nauyi na daban.

To, akwai matsala ga mai tafi? Abin da nake dubawa shi ne inda tafin ya faɗo. Wanda ya yi shiru lokacin da ake wulaƙanta yarinyar, ya yi tafi lokacin da azzalumi ya gamu da gamonsa, lafiyarsa ƙalau, alƙalin cikinsa ne ke aiki. Wanda na fi sa wa ido shi ne mai dariya a wurin da marar ƙarfi ke shan azaba, ko mai tsallake labarin yana neman wurin yanka kawai. Ki ƙara da cewa samari in sun haɗu sukan ɗaga murya don kada a ga fargabarsu, da kowannensu shi kaɗai ya kalla da wuya ki ji wannan ihun. Iyakar abin da zan iya tsayawa a kai ke nan: ni fuskokin 'yan ajina nake karantawa, adadin tikiti kuma yana nuna wanda ya shiga ne, ba ya nuna abin da ya fita da shi a zuciya. Ni ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma dare ɗaya na kallon fim bai isa a auna halin mutum da shi ba. Ke da ke zaune da su kin fi ni sanin yadda suke mu'amala da yara da masu rauni.

Batun yaranki kuwa ina bayanki, kuma ki faɗa wa maigidan da lalama. Abin da ke sa babba ya jure wannan fim shi ne ya iya riƙe zaren labarin na kusan awa biyu, ya haɗa laifi da hukuncinsa. Ƙaramin yaro hoto yake ɗauka, kuma hotunan nan na yara ne irinsa da aka kulle a ɗaki ana jiran a cire musu ido. Ƙasar da ta yi fim ɗin ma shekara 18 ta gindaya, har Kim Sae-ron da aka haifa a 2000, wadda da ita aka ɗauke shi, doka ba ta ba ta damar shiga silima ta kalle shi ba lokacin da ya fito. In suna son fim ɗin Koriya, a nemo musu wanda aka yi don shekarunsu, wannan kuma a bari sai sun yi barci.